Daga Lise Zuwa Jami'a: Shekarar Farko Ta Mai Koyon Aikin Injiniya

Ko wace shekara, idan sakamakon bakalorea ya fito a cikin damina, akwai gidajen da ake rangaɗa guɗa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Dogon Dutsi, da sauran garuruwan ƙasarmu. Maƙwabta su zo barka, a raba goro, mahaifi ya fita bakin zaure yana amsa gaisuwa. In yaron ya ci bak ɗin lissafi ko na fasaha, watau C, ko D, ko E, ko F, sai ka ji tun ranar an laƙaba masa sunan injiniya, alhali kuwa ko ƙofar makarantar bai gani ba. Ba laifi ba ne a yi murna. Shekara 13 ke nan yaro yana zaune a kan benci, 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise, in bai maimaita aji ba. Amma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne, shekarar da ke biye da wannan murna ta fi duk waɗanda suka wuce wuya, kuma a cikinta ne yara masu ƙwazo da yawa suke tuntuɓe. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a garinsu sai ya karɓi takardar jarrabawarsa ta farko ya tarar da 6 bisa 20. Ya naɗe ta, ya sa aljihu, ba ya gaya wa kowa.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Da yawa daga cikin masu karanta shafin nan iyaye ne ko yayye na irin waɗannan yara. Wasu ma'aikata ne da suka san jami'a, wasu kuwa da girmansu suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, suka lashi takobi sai ƴaƴansu sun kai inda su ba su kai ba. Duka biyun suna da hakkin su san abin da ɗan nasu zai tarar.

Ina ake zuwa?

A da, ɗan Nijar mai son aikin injiniya sai ya ƙetare iyaka. Marigayi Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, sai da ya je makarantar William Ponty a Senegal, daga nan ya wuce Paris, kafin ya zama gwanin kimiyyar fizik ɗin da duniya ta sani. Ya dawo gida ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, tun daga 1969, ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Ita kanta jami'ar a 1971 aka kafa harsashinta. A Wagadugu akwai makarantar injiniyoyin raya karkara da ƙasashen Afirka suka haɗa hannu suka kafa a 1968, wadda yau ake kira 2iE, kuma ƴan Nijar da dama sun sha ruwanta.

Yau hanyoyin sun ƙaru. A Harobanda, hayin kogi, kusa da jami'a, akwai makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa, EMIG, wadda ta buɗe ƙofofinta a 1990. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi suka biyo baya. Ta Maraɗi, mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tana da cibiyar fasaha inda ake koyon aikin gine-gine da na lantarki. Wani yaron zai shiga sashen kimiyya ya yi lissafi da fizik tukuna, wani zai shiga makarantar fasaha kai tsaye ta hanyar gasar jarrabawa, wani kuma zai sami tallafin karatu zuwa Aljeriya ko Maroko. Ƙofofin daban-daban ne, amma abin da ke bayansu a shekarar farko kusan iri ɗaya ne.

Ba mai kiran suna

Abu na farko da yake girgiza sabon ɗalibi shi ne ba wanda ya san shi. A lise, malami ya san sunansa, ya san mahaifinsa, in ya yi fashi kwana biyu a aika gida. A babban zauren lacca na jami'a, wanda ɗalibai ke kira anfi, malami zai shigo, ya cika allo, ya share, ya sake cikawa, awa biyu cur, ya tattara takardunsa ya fita. Ba ya tsayawa ya ce a sa aya a nan, a ja layi a can. Wanda ya saba a yi masa shifta ya rubuta kalma bayan kalma, sai ya ga hannunsa ya kasa bin bakin malami. In ya tsaya rubutu bai fahimta ba, in ya tsaya fahimta bai rubuta ba. Wanda kuwa ya makara ya zauna can baya, abin da zai gani kawai shi ne ƙeyar ƴan'uwansa.

Karatun kashi uku ne. Akwai laccar zaure, inda malami yake shimfiɗa ƙa'ida. Akwai zaman warware matsaloli a ƙananan rukunai, wanda ake taƙaitawa da TD. Akwai kuma aikin hannu a ɗakin gwaji, watau TP. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su je TD hannu biyu, su zauna, su kwafi amsar da aka rubuta a allo, su koma ɗaki suna ganin sun gane. Ba su gane ba. Kallon mai iyo daga bakin gulbi ba ya koya wa mutum iyo. Takardar matsalolin ana raba ta ne kwanaki kafin zaman, don ɗalibi ya fafata da ita shi kaɗai, ya kasa, ya san daidai inda ya kasa, sa'an nan ya zo da tambayarsa. Wanda ya yi awa guda yana kokawa da matsala ɗaya bai warware ta ba ya fi wanda ya kwafi amsoshi goma riba.

Tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu, wanda ake kira LMD, ya raba shekara gida biyu. Ko wane zango yana da maki 30 na tarawa, sai an tara 180 a cikin shekara 3 a sami lisans. Ko wane maki ɗaya ana ƙiyasta shi da aikin awa 20 zuwa 25. In ka buga lissafi, zango ɗaya aikin awa 600 ne ko fiye, kuma wani babban kaso na waɗannan awoyi ba a cikin aji yake ba, aikin ɗalibi ne shi da fitilarsa. Ba mai duba ko ya yi. A nan ne ƴanci yake zama tarko. Yaron da bai taɓa kwana a wajen gidansu ba sai ya sami kansa ba mai tada shi da asuba, ba mai ce masa ya bar fada ya shigo gida. Sati uku na shan shayi da hira sun isa a wuce shi da babi biyu, kuma lissafi ba labarin tarihi ba ne da za a tsallake shafi a ci gaba: babi na uku a kan na biyu yake tsaye.

Ina injin yake?

Akwai wani takaici da kusan ko wane sabon ɗalibi yake haɗiya. Ya zo ne don ya gina gada, ya kwance inji, ya ja wayar lantarki zuwa ƙauyensu. Sai aka ba shi alli da allo, da haruffan Girkanci da bai taɓa gani ba. Wata uku, wata huɗu, bai taɓa ko ƙusa ba. Shi kansa lissafin ya sake kama. A lise ana cewa ga dabara, yi aiki da ita. A jami'a ana cewa kawo hujjar da ta sa dabarar take gaskiya. Yaro ya ce a ransa, ni da na zo koyon gini, me ya haɗa ni da wannan?

Abin da ya haɗa shi da shi ga shi. Mu ɗauki katako mai faɗin santimita 15 da kaurin santimita 5, a gitta shi tsakanin bango biyu. In aka kwantar da shi a kan faɗinsa zai ɗauki wani nauyi. In aka tsayar da shi a kan gefensa, katakon nan dai, ba a ƙara masa kome ba, zai ɗauki ninki uku na wancan nauyi. Dalili shi ne ƙarfin gungume yana tafiya ne da faɗinsa sau tsayinsa sau tsayinsa: 15 sau 5 sau 5 ya ba da 375, amma 5 sau 15 sau 15 ya ba da 1125. Haka kuma in aka ninka tazarar da ke tsakanin bangon biyu, aka bar kaurin katakon da nauyin da ke kan ko wace mita yadda suke, lanƙwasar da zai yi a tsakiya ba ninki biyu za ta yi ba, ninki 16 za ta yi. Maginan gargajiya na Damagaram da Katsina sun san wannan da hannunsu. Shi ya sa ba sa miƙa azara ta wuce iyakarta, in kuma suna son ɗaki mai faɗi sai su ɗaure bakan gizo, su raba rufin gida-gida. Sun gaji sanin ne daga iyayensu, bayan rufi da yawa sun faɗo a zamanin kakanni. Injiniya ba a ba shi damar rufi ya faɗo masa ba. Dole ya san amsar a kan takarda kafin a zuba siminti, kuma a kan tazarar da ba wani kakansa da ya taɓa gwadawa. Lissafin nan mai ban haushi shi ne hanyar.

Haka abin yake ta ko wane fanni. Kankare yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Sabo da haka ake sa ƙarfe a ƙasan gungumen da ke kan ginshiƙai biyu, inda ake jan sa, amma a baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a saman ake sa shi. Wanda ya juya wannan ya gina kabari. Ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara tsawo da milimita 36. Wanda ya taɓa ƙetare gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970 kuma ɗalibai suke bi zuwa Harobanda, ya ji yadda taya take bugawa a wasu gaɓoɓi: sarari ne aka bari da gangan don gada ta yi numfashi tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu. Ruwa kuma, ko wace mita mai kusurwa shida lita 1000 ce, nauyinta tan guda. Tankin ƙauye mai cin mita 50 nauyin tan 50 ne a rataye bisa kawunan mutane. Famfon da zai ɗago lita 10.000 a awa daga zurfin mita 30 yana bukatar wat 800 da ɗoriya in da ba a asarar kome, amma tun da rabin ƙarfin yakan salwanta a hanya, sai a nemi wajen wat 1600. Daga wannan adadi ne ake sanin faifan hasken rana nawa za a saya. In an yi kuskure a nan, kuɗin jama'a ya tafi, mata kuma su koma bakin rijiya da guga.

Malamin da ya ɗauki minti biyar a farkon shekara ya nuna wa ɗalibansa irin waɗannan misalai ya yi musu babban alheri. Ba duka ne ke yi ba, kuma a ganina asara ce.

Ƙarfi iri nawa ne?

Akwai wata wahala da ba a cika ambata ba, ita ce ta harshe. Yaron ya ci jarrabawar Faransanci, yana jin sa, yana rubuta shi. Amma Faransancin kimiyya wani harshe ne a cikin harshe. Kalmomin da ya sani tun firamare sai su sake ma'ana. A Hausa muna cewa ƙarfi, mu nufi abubuwa da yawa: ƙarfin da aka tura mota da shi, ƙarfin inji, ƙarfin igiya da ba ta tsinkewa, ƙarfin da abinci ke sa wa jiki. A fizik ko wanne da sunansa, da ma'auninsa, kuma haɗa su laifi ne. Na farko da niyuton ake auna shi, na biyu da wat, na uku da faskal, na huɗu da jul. Nauyi ma biyu ne: akwai yawan abin da ke cikin buhu, wanda ba ya sakewa ko an kai shi duniyar wata, akwai kuma jan da ƙasa take yi masa, wanda a can zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida. Mafi ban dariya ita ce kalmar aiki. A wurin masana fizik, ɗan dako da ya tsaya cik awa guda da buhun gero a kansa bai yi wa buhun aikin kome ba, tun da bai gusa da shi ba. Je ka faɗa masa haka a kasuwar Katako ka ji amsa.

Wanda ya taɓa zama da takardar fasaha yana neman ya juya ta zuwa Hausa ya san inda gizo yake saƙa. Amma ya kuma san wani abu: ba ka iya fassara abin da ba ka gane ba. Sabo da haka ina ganin ɗaliban da suke zama da dare su huɗu ko biyar, ɗaya ya tashi ya bayyana wa sauran darasi da Hausa ko da Zabarmanci, ba wasa suke yi ba. Wanda ya iya bayyana wa ɗan'uwansa dalilin sa ƙarfe a ƙasan gungume da harshen da ya sha a nono, ya riƙe abin ke nan. Wanda ba ya iya faɗinsa sai da jimlar malami, hadda ya yi. Abdou Moumouni da kansa, a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya tsaya a kan a koyar da yara da harsunansu. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Littattafan injiniya dai da waɗannan biyun aka rubuta su, kuma ɗalibin da ya raina Ingilishi a lise zai yi da-na-sani ranar da aka miƙa masa takardar bayanin wata na'ura.

Ɗakin gwaji da teburin zane

A TP ne ɗalibi yake koyon wata ɗabi'a da za ta bi shi har ritaya: kada ya rubuta adadi ba tare da ma'auninsa ba, kada kuma ya rubuta abin da bai auna ba. Ya auna tsawon sanda sau biyar ya sami amsa biyar masu ɗan bambanci. Sabon shiga sai ya zaɓi wadda ta yi daidai da littafi ya ɓoye sauran. Malami nagari yana gane wannan da kallo ɗaya. Abin da ake so shi ne a rubuta duka biyar, a fitar da matsakaici, a faɗi iyakar kuskuren da ke ciki. Amsar da ta kauce wa littafi aka kuma bayyana dalilin kaucewar ta fi amsar da aka gyara daraja, don wanda ya saba gyara adadi a ɗakin gwaji, gobe shi ne zai sa hannu a kan kankaren da bai kai ba.

Maganar ma'auni kuwa ba ƙanana kaɗai take kayarwa ba. A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, sabo da wani rukunin injiniyoyi ya ba da lissafinsa da ma'aunin Ingilishi, wani rukunin kuma ya karanta shi a matsayin ma'aunin mita da kilo.

Zanen fasaha ma yana ba mutane mamaki. Ba zanen hoto ba ne. Ana ɗaukar abu guda a nuna shi ta gaba, ta sama, ta gefe, da ma'auni, yadda maƙeri ko magini da bai taɓa ganinka ba zai ƙera shi daidai. A nan sau da yawa ƴan lise na fasaha, irin na Dan Kasawa a Maraɗi, suke wuce ƴan C da D, kamar yadda su kuma waɗancan suke wuce su a lissafi. Mai hankali sai ya nemi aboki daga ɗaya ɓangaren, a yi ban gishiri in ba ka manda. Ga kuma kwamfuta. Akwai yaran da suka iya salula kamar su suka ƙera ta, amma ba su taɓa zama gaban allon rubutu na kwamfuta ba, sai ga shi an ce su rubuta mata umarni.

Ciki da aljihu

Duk wannan karatu a cikin jiki ake yin sa, jikin kuma yana bukatar abinci da barci. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram wajen 900. Yaron da ya zo daga can ba zai je gida ƙarshen sati ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, wanda bai samu ba sai ya raɓa da wani, ko ya sauka gidan dangi a wata unguwa mai nisa, inda za a riƙa aikensa kasuwa a lokacin da ya kamata yana TD, shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Kuɗin tallafi ba kullum suke zuwa a kan kari ba. Zazzaɓin cizon sauro yana jiran baƙo a ƙarshen damina, daidai lokacin da ake shimfiɗa tushen darussa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, in wuta ta ɗauke ɗaki ba ya zaunuwa, sai ka ga yara a ƙarƙashin fitilun titi da takardunsu. Shekarar karatu kuma takan ja, sabo da yajin aiki ko wani dalili, har wata ta shiga cikin wata.

Ɗiya mace tana ɗauke da duk wannan, da ƙari. A ajin injiniya sau da yawa su ƴan kaɗan ne a cikin maza. In ta sauka gidan dangi, tukunya da wanki suna jiran ta. In ta je hutu, tambayar da za a fara yi mata ba ta jarrabawa ba ce. Uban da ya yarda ƴarsa ta kama wannan hanya, to, ya cika alherinsa: ya yi magana da masu masaukinta tun kafin ta iso, a san cewa karatu ya kawo ta.

Ga iyaye, da masu riƙe da al'amari

Ranar da ɗanka ya bugo waya ya ce lafiya lau, kome daidai, kada ka tsaya nan. Tambaye shi su wa yake karatu da su. In ya ce shi kaɗai, akwai magana. Tambaye shi ko yana cin abinci sau nawa. In kuma ya yi ƙarfin hali ya gaya maka ya faɗi wani darasi, kada ka ce ya kunyata ka a gari. Ka sani cewa 10 bisa 20 ake nema, ana kuma haɗa makin darussan da suke rukuni ɗaya, mai ƙarfi ya ɗauki mai rauni. Wanda bai kai ba yana da zagaye na biyu na jarrabawa. Abin da ya riga ya ci kuma ya ci ke nan, ba a ƙwace masa. Faɗuwar zangon farko ba korar kare ba ce. Abin da yake kashe yara shi ne ɓoyewa: ya faɗi, ya ji kunya, ya daina shiga aji, ya ci gaba da karɓar jikka biyar ɗin da ake aiko masa yana cewa kome lafiya, sai bayan shekara biyu gaskiya ta fito. Kuma a daina kiransa injiniya tukuna. Sunan nan kaya ne, yaron kuwa wuyansa bai yi ƙwari ba.

Wani yaron, bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, zai gane cewa hanyar shekara biyar ba tasa ba ce. Akwai ta shekara biyu ko uku mai fitar da manyan ma'aikatan fasaha, kuma ko wane wurin aiki yana bukatar su fiye da yadda yake bukatar injiniyoyi a yawa. Sauya hanya da sanin iyaye ya fi zama a inda ba a motsi.

Su kuma ma'aikatanmu na ofisoshi, ba sai an tuna musu abin da ƙasa take jira daga waɗannan yara ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, an gina ta don tace ganga 20.000 a rana. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, ya fara kai mai a 2024. An aza harsashin madatsar Kandaji a 2008. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar wanda zai karanta zanensa, ya gane lissafinsa, ya ce wa ɗan kwangila wannan bai yi ba, a sake. In ba namu ba ne, na wasu ne, da kuɗinmu. Abubuwan da za su rage tuntuɓen shekarar farko ba duka ne masu tsada ba. A biya tallafi a farkon zango, ba a ƙarshensa ba. A bar ɗakin karatu a buɗe da dare, da fitila. A ɗauki ɗaliban shekara ta uku, a ba su ɗan hasafi, ko wanne ya riƙe sababbi goma, yana zama da su sau ɗaya a sati. A lise kuma, kafin yara su watse bayan bak, a gayyato tsofaffin ɗaliban makarantar da suka riga suka ɗanɗana, su zo su faɗa wa ƙannensu gaskiya. Injiniyan da ke aiki a ma'aikatar ruwa ko ta hanyoyi a Tawa ko Maraɗi, in an roƙe shi, da wuya ya ƙi ba da yammacin Asabar ɗaya ya kai ƴan shekarar farko su ga tankin ruwa, ya nuna musu takardar lissafin da aka yi kafin a kafa ƙafafunsa.